Kajin silkina da hunturun Jos

Tun da aka shiga watan Disamba, aikina na farko bayan na idar da sallar asuba shi ne in yafa mayafi mai kauri, in ɗauki tocila, in zagaya bayan gida. Ba na buɗe akurkin nan take. Nakan tsaya a bakin ƙofa in kasa kunne tukuna, ko zan ji wadda ke atishawa, ko wadda maƙogwaronta ke ƙara kamar mai minshari. In na ji shiru sai in buɗe, in durƙusa, in cusa hannu cikin tarin gashin nan da suka dunƙule a lungu guda. Ɗumin da ya taɓa tafin hannuna shi ke gaya mini yadda aka kwana.

Su tara ne yanzu, zakara ɗaya da kaji takwas, dukansu silki. A Rikkos muke zaune, cikin Jos, kuma duk wanda ya taɓa kwana a garin nan a wannan lokaci ya san hunturunmu daban yake da na Kano ko Sakkwato. Garin yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, shi ya sa tsakanin Disamba da Janairu akan sami dararen da sanyi ke sauka ƙasa da digiri 10. Ruwan da ya kwana a bokiti, ka tsoma hannu da asuba sai yatsu su ƙage. Da rana kuma iska mai ƙura ta yi ta kaɗawa daga arewa maso gabas, leɓe ya tsage, diddige ya yi faso.

Shekara huɗu ke nan da baban yara ya shigo da su a kwali, guda shida. Hajiya, wato mahaifiyarsa, ita ta fara leƙawa. Ta ce, “Waɗannan kuma fingi ne?” Na ce a'a Hajiya, silki ake ce musu. Ta ɗauko ɗaya, ta buɗa gashin da yatsa, ta ga fatar baƙa wuluk, ta ga kunnen shuɗi, ta ƙirga yatsun ƙafa ta samu biyar maimakon huɗu. Sai ta ajiye ta a hankali ta ce, “'Yar nan, kin tabbata lafiyar kajin nan ƙalau?” Lafiyarsu ƙalau, halittarsu ce haka. Asalinsu daga ƙasar Sin ne, inda har yau ake yi wa mai jego da mai jinya farfesunsu, domin baƙin bai tsaya a fata ba, ya kai har nama da ƙashi. Mu dai ba mu taɓa yanka ko ɗaya ba, duk da Hajiya takan tuna mini cewa sabo da kaza ba ya hana yanka.

Kafin a zo ga batun akurki, sai an fahimci gashinsu, don daga nan komai ya taso. Ka tsinci gashin kazar Hausa a tsakar gida, ka ja shi ya tsage, ka shafa da yatsu biyu, sai ka ga ya koma ya haɗe sumul. Akwai 'yan ƙananan ƙugiyoyi a jikinsa waɗanda ido ba ya gani, su ke kama juna, su ke sa iska ta zame, ruwa ya gangare. Gashin silki ba shi da waɗannan ƙugiyoyin. Kowane zare zaman kansa yake yi, kamar audugar da aka shiɓe. A ido sai ka rantse ta fi kowace kaza rigar sanyi, alhali rigar tata irin ta saƙar hannu ce mai ramuka. A ɗakin da iska ba ta kaɗawa tana riƙe ɗumi sosai. A fili kuwa iska ratsa ta take yi har fata, in kuma ruwa ya taɓa ta sai ta shanye shi kamar soso.

Ni ban san wannan ba a hunturun farko. Abin da na sani kawai shi ne ina tausayinsu. Wani dare a farkon Janairu sanyi ya yi tsanani, har yara suka kwana da safa da hula. Na kasa barci saboda tunaninsu. Dama tun kwana uku kafin nan na sa an naɗe akurkin da leda baƙa mai kauri, gefe huɗu har sama, ko kafar allura ban bari ba. A daren nan sai na ƙara da kasko. Na hura gawayi ya yi ja, na ɗora shi a kan bulo a cikin akurkin, na kifa masa tsohon kwandon waya don kada su ƙone, na ja ƙofa na rufe, na koma ɗaki hankalina kwance.

Da asuba da na buɗe, wani irin tururi mai nauyi ya bugi fuskata. Ledar ta yi gumi daga ciki, ruwa na ɗiga daga kwanon rufi. Biyu suna kwance a gefen kaskon, sun miƙe ƙafafu. Sauran huɗun suna tsugune, ido a lumshe, gashin bayansu ya jiƙe ya manne, ko motsi ba sa yi. Na kwashe su a zanina na fito da su fili. Autana, lokacin yana ɗan shekara biyar, ya biyo ni yana tambaya, “Umma, barci suke yi?” Ban iya ba shi amsa ba. Har yau in na ji ƙaurin gawayi da sanyin safiya, wannan ranar nake tunawa.

Da hantsi na ɗauki gawar ɗaya na kai wa wani likitan dabbobi a unguwarmu. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Hajiya, sanyi bai kashe miki kaji ba. Numfashi kika hana su.” Ya yi mini bayani cewa gawayi in yana ci a rufaffen wuri yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi, irin wadda ke hallaka mutane a ɗaki in sun kwana da kasko, kuma tsuntsu ya fi mutum saurin faɗuwa a gabanta. Ya ce zafin jikin kaza kusan digiri 41 ne, don haka babbar kaza mai ƙoshi, wadda jikinta ke bushe kuma iska ba ta dukanta, sanyin Jos bai isa ya kayar da ita ba. Tun daga ranar wuta ba ta sake shiga akurkina ba.

A satin nan na kira kafinta muka sake gini. Ɓangaren arewa da na gabas, inda iskar hunturu ke fitowa, muka rufe su da katako, na kuma ƙara buhunan masara a kai. Ƙofa muka juya ta ta kalli kudu. A can sama, ƙarƙashin rufi, muka bar fili mai faɗin tafin hannu a gefe biyu, muka sa masa ragar waya saboda ɓera da muzuru. Kafintan ya yi ta mamaki, ya ce yaya mai gudun sanyi za ta bar taga a buɗe. Dalilin shi ne numfashin kaji da kashinsu tururi suke fitarwa duk dare, tururin nan kuma sama yake hawa. In ya sami hanya sai ya fice bisa kawunansu ba tare da iska ta taɓa su ba. In bai samu ba sai ya taru a jikin kwano mai sanyi, ya zama ruwa, ya ɗigo musu a baya. Don haka ma muka yi wa kwanon silin da kwali.

Ƙasan akurkin shi na fi kashe wa lokaci. Silki ba ta tashi sama, gashin fiffikenta ba ya kama iska. Na sa musu sandar kwana ƙasa-ƙasa, taƙi ɗaya daga ƙasa, amma biyu kaɗai ke hawa, sauran a ƙasa suke kwana, sun cure wuri ɗaya. Kazar Hausa tana bisa sanda ko bisa katanga, ba ruwanta da abin da ke ƙasa. Ita kuwa silki cikinta a kan shimfiɗa yake har gari ya waye, in shimfiɗar da danshi, a cikin danshi ta kwana. Mun ɗaga daɓen da bulo, na zuba dusar katako mai kaurin yatsu biyar. Nakan roƙi masu injin katako su ba ni mai faɗi-faɗin nan da ke fita wajen fere, domin mai laushi kamar gari tashi take yi ta shiga musu hanci, ga shi dama ƙurar hunturu ta ishe su. In ban samu ba sai in yi amfani da ɓuntun shinkafa. Kowace safiya ina juya shimfiɗar da ƙaramin manjagara, in kwashe inda suka kwana. Gwajina biyu ne. Na farko in damƙi shimfiɗar a hannu in saki, in ta warware to tana nan da kyau, in ta dunƙule lokacin canji ya yi. Na biyu in durƙusa in kai hancina daidai inda kansu yake. A tsaye mutum ba ya jin komai, amma a can ƙasa wani lokaci za ka ji wari mai yaji irin na tsohon fitsari yana sa ido ƙwalla. Wannan warin yana cin hanyar numfashin kaza, shi ke buɗe wa mura ƙofa.

Sai batun ruwan sha, wanda ban taɓa zaton zai zama abin lura ba. Silki tana da tukku a ka, wasu har da gemu. In ka ba ta ruwa a faffaɗan kwano sai ta tsoma kai gaba ɗaya, ta fito da tukku sharkaf. Da rana ba komai, rana za ta busar. Amma wadda ta sha ruwa dab da magariba da jiƙaƙƙen kai za ta kwana. Yanzu mazubin roba nake amfani da shi, irin mai siririn baki, na ɗora shi a kan bulo ya zo musu daidai ƙirji, kuma ina ɗauke shi awa guda kafin su shiga kwana. Da safe nakan surka musu da ɗan ruwan zafi ya yi ɗumi-ɗumi, don na lura in ya yi sanyi ƙarara ba sa sha sosai, ga iskar hunturu da busar da jiki. Gashin da ya rufe musu ido kuma nakan rage shi kaɗan da almakashi, su ga abinci, su ga shaho.

Ƙafafunsu ma da gashi har yatsu. A gidan da ake wanki da wanke-wanke a tsakar gida, wannan abin kula ne. Na yi wa wajen kwata shinge da raga, kuma ba na sakinsu sai hantsi ya ɗaga, raɓa ta bushe. Duk da haka bara wata mai ruwan toka, wadda yara ke kira Toka, ta faɗa cikin bahon wanki da la'asar. Da na tsamo ta sai na ga ashe rabin girmanta gashi ne, abin da ya rage ɗan mitsitsin jiki ne baƙi yana karkarwa. Na naɗe ta a tawul na matse ruwan a hankali, na canza wani tawul ɗin. Allah ya sa akwai wuta, na kunna na'urar busar da gashi a mafi ƙarancin zafi, ina riƙe da ita nesa-nesa, ina buɗa gashin da yatsa har ya tashi. A kwali ta kwana a ɗakinmu. Washegari ta koma cikin 'yan uwanta kamar ba abin da ya faru.

Wannan ya koya mini wani abu game da rama. Silki tana iya ƙarewa a tsaye ba ka sani ba, gashi ya rufe. Saboda haka duk ranar Juma'a nakan ɗauke su ɗaya bayan ɗaya in shafa ƙashin ƙirji. In na ji nama ta kowane gefe, alhamdu lillahi. In ƙashin ya fito kamar bakin wuƙa, sai in ware ta in duba abin da ke damunta. A nan ne kuma nake leƙa ƙarƙashin fiffike da ƙarƙashin bindi saboda ƙwarƙwata, wadda ke jin daɗin irin wannan gashi, musamman da yake a cure suke kwana. Na ajiye musu tsohon baho cike da yashi da toka a inda rana ke faɗowa amma iska ba ta kaiwa, a nan suke birgima.

Abinci ba ni da dogon bayani a kansa. Na buhu nake ba su, irin na kaji masu ƙwai. Da la'asar in ƙara musu ɓarzajjiyar masara cikin tafin hannu biyu, su kwana da ciki cike. Da yake ciyawa ta bushe, ina samo ganyen kabeji da latas da ake zubarwa a kasuwar Farin Gada, in wanke, in rataya musu, wani lokaci da zogale. Wadda ta rame kuma dafaffen ƙwai nake marmasa mata.

Abin da ya fi ba ni tsoro a hunturu shi ne annoba. Duk wanda ya tashi a gidan da ake kiwo ya san wannan ne lokacin da ciwo ke share akurki, yau ka ga kaza ta yi zugum ta saki fiffike, gobe koren zawo, jibi wuya ya murɗe, kafin sati unguwa ta yi tsit ba carar zakara. Likitocin dabbobi suna kiranta Newcastle. A Jos kuma Disamba wata ne na hada-hadar kaji, ana shigo da su daga ko'ina saboda Kirsimeti da sabuwar shekara, ciwo na bin keji da takalmi da hannun mai taya ciniki. Na san abin da mutane ke yi in ta shigo, a fasa kafso ja da yalo a ruwa, a daka barkono a zuba. Ni ma na ga an yi a gidanmu ina yarinya. Amma ƙwayar bairos ce, kafso ba ya taɓa ta. Rigakafi kaɗai ke tare ta, kuma tun kaza tana da lafiya ake yinsa.

Mu a nan mun yi sa'a, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa tana Vom, gaba da Bukuru kaɗan, tun 1924 take can, kuma tana haɗa rigakafin wannan cuta. Akwai Lasota, akwai kuma wanda ake kira I-2, wanda ya fi jure zafi. Kwalba ɗaya ta kaji da yawa ce, ta fi ƙarfin gida ɗaya, kuma in an haɗa ta da ruwa ba ta wuce awa biyu da amfani. Shi ya sa muke haɗa kai da maƙwabta gida biyar. A sayo a filas da ƙanƙara, a haɗa da ruwan da ba kulorin a ciki, a bi gida-gida da sassafe. Ni a ido nake ɗiga musu, ɗigo ɗaya kowacce, in riƙe ta har ta ƙifta, don in tabbata kowa ta samu. Ina yi a farkon Nuwamba kafin iska ta juya, in maimaita bayan wata uku. Baƙuwar kaza kuwa, ko kyauta aka ba ni, sai ta yi sati biyu a keɓe can wajen zaure. Ina da silifas da ba sa fita daga wajen akurki. Wata maƙwabciyata ta taɓa jin haushi da na hana ɗanta shiga da takalminsa ya ga kajin, na ba ta haƙuri, na ba yaron silifas ɗina ya shiga ya more kallo. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a ƙasar nan a 2006, duk mai kiwo ya kamata ya saba da irin wannan.

Akwai hali guda na silki da hunturu ba ya canzawa, son kwanci. Ƙwai ba ta yi da yawa, kamar uku a sati, ƙanana, amma ba ta da na biyu wajen zama a kansu. Da damina har ƙwan zabi nake sa musu. A hunturu kuwa guda ɗaya kawai nake bari ta yi kwanci, sauran in na ga sun lafe sai in kwashe ƙwan in fito da su rana, domin mai kwanci ba ta ci sosai, kwana 21 kuma ba wasa ba ne ga ɗan ƙaramin jiki a cikin sanyi. Wadda na bari, kullum da azahar nakan ɗaga ta da hannuna in ajiye ta gaban abinci da ruwa, ta ci, ta yi kashi, ta yi birgima, ta koma. 'Yan tsaki a satinsu na farko suna buƙatar ɗumi kusan digiri 33, abin da babu ƙwan lantarkin da zan dogara da shi a kai, tunda ana iya ɗauke wuta tsakar dare. Uwar ba ta ɗaukewa. Aikina kawai in ba ta kwali mai zurfi da busasshiyar shimfiɗa a lungun da iska ba ta kaiwa, da ruwa a murfin kwalba mai tsakuwa a ciki don kada su jiƙe.

Bana Auduga ce a kan ƙwai, ɗaya daga cikin huɗun da suka tsira a wancan daren. Guda shida na sa a ƙarƙashinta, yau kwana 17. Jiya da dare na haska su da tocila a cikin duhu, biyar sun cika sun yi baƙi, ɗaya fayau, na cire shi. Hajiya ta aiko jikanta ya tambaya ko sun fara tsaga, na ce ya gaya mata sai ranar Talata in Allah ya kai mu. Da safen nan kuma na ga buhun da ke gefen gabas ya yage daga ƙasa, daidai inda kwalin Auduga yake, iska na shiga tana kaɗa mata tukku. Na toshe da tsumma na wucin gadi. Baban yara ya ce zai taho da sabon buhu da ƙusoshi in ya taso daga kasuwa, ina so a buga shi kafin a kira magariba.